'Yan mishan na son yi mana furaj da bankin hatsi, gari ya rabu biyu, ina neman shawara

Ɗan Gulbi:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nike nema, don Allah wanda ya san zagi kawai zai yi ya haƙura ya wuce, abin nan ya hana ni barci kwana biyu.

Garinmu wani ɗan ƙauye ne yamma da Maradi, in ka wuce Tsibiri kamar za ka Gidan Rumji sai ka sauka daga gudron ka hau kabu-kabu ka yi ta fama da rairayi, ba zan faɗi sunanshi ba. Ni ina nan birni ina 'yan buge-bugena, sai wata-wata nike leƙawa. To shekaranjiya da dare Baba mai gari, wan mahaifina ne, ya sa anka kira mishi ni a waya, ya ce wasu baƙi sun zo har sau biyu da farar mota, maza biyu da mace guda, ba nasaru ba ne, Hausawa ne kamarmu, kuma tun wajen gaisuwa sunka faɗa mishi su Kiristoci ne, ƙungiyarsu ta 'yan mishan ce. Abin da sunka zo da shi, za su gina furaj, wato rijiyar burtsatse, mai sola da shato na tara ruwa, su buɗe bankin hatsi, kuma sau ɗaya a sati a zo awon yara a ba masu tamowa abinci.

Wallahi gari ya rabu. Mata kaf sun ce a karɓa tun jiya, kuma ni ban ga laifinsu ba. Rijiyarmu ɗaya ce tal, gaba ashirin da wani abu, igiya ta ci kututturen da anka gitta a bakinta har ta yi mishi zane-zane kamar tsagar Gobirci, in bazara ta kama tun kafin kiran asalatu mata ke layi, guga ya sauka ya taho da rabin laka sai a zauna a jira ruwa ya sake taruwa. Tafin hannun innata ya yi kanta kamar ƙirgi. Ɗiyar ƙanwata bara anka fidda ta daga lakwal don babu mai taya uwarta jan ruwa, yarinya mai kai kuwa.

Ɗaya gefen kuma liman da samarinmu masu karatu sun ce sam, yau ruwa, gobe a koya ma yara waƙa, jibi ka tashi ka ga coci bayan gari. Tsofaffi sun yi gum suna kallon mai gari, shi kuma ya ce a jira ni, wai ni na yi lakwal na san takarda. Ni da BEPC ma da ƙyar na same ta! Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci za a yi taron. Don Allah wanda garinsu ya taɓa hulɗa da irin mutanen nan ya faɗa min gaskiya, mi ya faru daga baya? An samu wanda ya bar addini? Kuma aikin ya ɗore ko irin na shekara biyu ne?

Abu Sumayya:

Wa alaikumus salam. Ɗan uwa a taƙaice kar ku karɓa. Ruwa ba ya tsami banza. Mutum ya baro gidanshi ya ƙona esansi ya shiga rairayi don kawai yana son innarka ta huta da guga? Sunan ma ai ya isa, mishan, aiko su anka yi su yaɗa addininsu, rijiyar ƙofa ce kawai. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi mishi aski. Kuma ba tsofaffi suke nema ba, sun san icce ya bushe, yara suke so da mata da marasa lafiya. Ku nemi ƙungiyoyin Musulmi mana, ga AMA ta mutanen Kuwait shekara da shekaru tana gina rijiyoyi da masallatai a ƙasar nan, ga Islamic Relief, ga alhazan Maradi da Allah ya hore ma, ku rubuta takarda ku kai.

Ɗan Kalgo:

Malam Abu Sumayya na ji ka kuma ba zan ce ƙarya kake ba. Amma bari in ba da labarin gonar babanmu, Ɗan Gulbi ya auna da kanshi.

Duk wanda ya ba hamsin baya ko ya kusa zai tuna 1984, yunwar da muke ce ma El-Buhari don ta haɗu da lokacin da Buhari ya rufe iyakar Najeriya, sama ta hana ruwa, hanyar cin rani da ta shigo da abinci kuma ta toshe. Ina yaro lokacin amma ban manta ba. Kafin nan manomin kirki a wajenmu shi ne wanda gonarshi take fes, in lokacin sassabe ya yi a bi duk wani tsiro na kalgo da sabara a sare a tara a sa wuta, wanda ya bar icce cikin gona rago ne, dariya ake mishi a dandali. Ga kuma doka, icce na gwamnati ne ko da cikin gonarka yake, ka taɓa shi ma'aikatan gandun daji su ci ka tara, to wa zai wahala ya reni abin da ba nashi ba, gara ka kashe shi tun yana ƙarami ka huta. Har ta kai in ka tsaya bakin garinmu kana hangen rumbunan garin gaba. Farkon damina iska ta taso ta kwaso rairayi ta yanke hatsi tun yana ɗan kunne biyu ko ta binne shi, ka sake shibka sau biyu sau uku har iri ya ƙare.

Akwai wani nasara ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ma'aikacin mishan ɗin SIM ne nan Maradi, ya zo 1981. Da fari dashe yake yi kamar kowa, a reni icce cikin leda a kai ƙauye, awaki su ci, rana ta ƙone, gara ta gama da saura. Wajen 1983 ne ya lura cewa 'yan tsirran da muke sarewa duk shekara ba ciyawa ba ne, kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu tana can ƙasa da ƙarfinta tana shan ruwa, mu ne dai ba mu barin su su tashi. Sai ya ce a daina dasa komai. Ka je gindin kalgo, ka ga ya fidda tsiro goma ko fiye, ka zaɓi masu ƙarfi miƙaƙƙu kamar uku zuwa biyar ka bari, sauran ka cire, waɗanda ka bari ka share musu rassan ƙasa zuwa rabin tsawonsu, da kaifin gatari ko lauje kuma daga ƙasa zuwa sama kake yanka don kar ɓawon ya ɗaye. Shi ke nan. Shi ne sassabin zamani da kuke ji. Mutane sun ce mahaukacin nasara ne.

Ga wajen da nike so ka kula Ɗan Gulbi. Da yunwa ta yi tsanani sunka ce za su ba da hatsi ga duk wanda ya yarda ya bar itatuwa a gonarshi. Kowa ya yarda mana, ciki ne. Da yunwa ta wuce hatsi ya tsaya, mafi yawan mutane sunka ɗauko gatari sunka share gonakinsu tas, har da kawuna. Babanmu ya bar nashi, ba don ya fi kowa wayo ba, mutum ne dai mai jin nauyin alkawari. Shekara uku huɗu sai ga inna ta daina tafiyar rabin wuni neman icce, ta daina ƙona kara da kashin shanu, karan ya zauna a gona ya zama taki, iska ta rage duka, 'ya'yan kalgo da na gawo mu tara ma tumaki har mu kai kasuwa. Gawo kam kun san halinshi, damina yake zubda ganye ya bar ma hatsi rana, in rani ya yi ya yi kore dabbobi su kwanta gindinshi, ka dubi zangarniyar ƙarƙashin gawo ka dubi ta fili ba sai an yi maka bayani ba. Kawun nawa da kanshi ya dawo yana tambayar baba ƙaƙa ake yi.

Yau abin ya bazu daga manomi zuwa manomi, ku je Ɗan Saga cikin ƙasar Agye ku gani, har daga ƙasashen waje ake zuwa kallo. Masu bincike sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itace wajen miliyan 200 a Nijar, galibi Maradi da Damagaram. A 2018 an ba nasaran lambar yabo ta Right Livelihood a Suwidin, shekara ɗaya da Yakuba Sawadogo na Burkina, a 2020 kuma gwamnati ta fidda doka musamman kan sassabin zamani. Hatsin da sunka raba an cinye an manta, itatuwan suna nan don ba su buƙatar motar kowa ko kuɗin kowa. Babanmu kuwa har Allah ya karɓi ranshi sahun farko yake sallah. Ba mu taɓa jin wanda ya bar addini a garinmu saboda kalgo ba.

Maman Nana:

Salamu alaikum. Ni ba gwanar rubutu ba ce ku yi haƙuri. Ɗan Gulbi ƙanena, ranar Juma'ar nan mata nawa za su zauna wajen taron? Na san amsar, babu ko guda, suna bayan danga suna leƙe. Masu cewa kar a karɓa wa ya taɓa jan guga gaba ashirin da ciki wata takwas?

Ɗiyar yayata an yi mata aure da ƙuruciya, haihuwar fari ta kwana biyu tana naƙuda a ɗaki, tsofaffi na cewa a yi haƙuri kunya ce, kafin a samo amalanke a kai ta likita ɗan ya mutu a ciki, ita kuma ta tashi da yoyon fitsari. Kan jaririn ne ya daɗe yana danne wajen har naman ya mutu ya huje, haka anka yi mana bayani daga baya, mu da muna cewa iska ce ko sammu. Shekara biyu yarinyar nan tana ɗaki ita kaɗai, tabarmarta daban ƙwaryarta daban, ta daina shan ruwa da rana don kar ya zubo, mijin bai ce ya sake ta ba amma bai sake takowa ba. Ni na raka ta Danja, nan kan hanyar Ɗan Isa kamar kilomita 15 daga Maradi, inda asibitin kutare na mishan yake tun 1956, a 2012 sunka buɗe ɓangaren masu yoyon fitsari. An yi mata aiki ba mu biya kuɗin aikin ba. Ranar da ta tashi ta shafa zanenta ta ji shi a bushe, wallahi ba ta yi magana ba, ta dai riƙe zanen tana ta kuka, ni ma na taya ta.

Gaskiya ba zan ɓoye ba, suna addu'arsu suna waƙoƙinsu muna ji, ba a ɓoye suke yi ba. Mu kuma lokaci ya yi mu yi alwala mu shimfiɗa ɗankwali, babu wanda ya ce mana don mi. Ta dawo da sallarta, yanzu ma ta fi da riƙo don da tana ganin ba ta da tsarki.

Shawarata guda, in kun karɓa kuɗin ruwa ku ba mata su riƙe. Mu nan muna da asusu irin na Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta faro nan ƙasar Maradi a 1991, akwatin ƙarfe kwaɗo uku makulli uku hannun mata uku, ba a buɗewa sai gaban kowa. Shekara goma sha ba mu taɓa ɓatan dala ba. Kes ɗin maza kuwa kun fi ni sani.

Ɗan Tsibiri:

Salama gare ku duka. Na daɗe ina karatu a zauren nan ban cika magana ba, amma wannan ta shafe ni. Ni Kirista ne, Bagobiri, haihuwar Tsibiri, kakana na cikin yaran da sunka tashi hannun mishan, rabin danginmu kuma Musulmi ne, da sallah su aiko mana nama da Kirsimeti mu aika musu shinkafa.

Malam Abu Sumayya bai yi ƙarya ba a abu guda kuma ba zan yi mishi musu don in faranta ma kowa ba. E, mai mishan yana son mutane su ji bisharar Almasihu, kamar yadda mai da'awa in ya gina rijiya a garin da ba Musulmi yake fatan su musulunta. Duk ɗan mishan da ya ce maka shi babu ruwanshi da wannan, ni ma sai in yi shakkarshi. Abin da ba daidai ba shi ne a sa sharaɗi, a ce sai ka zo sujada za ka sha ruwa ko a auna ɗanka, ko a ja yaro gefe ba da sanin iyayenshi ba. Wanda ya yi haka ku kore shi, ni zan taya ku.

Amma ku dubi lissafi. SIM ta shigo Nijar 1924 ta Damagaram, bayan 'yan shekaru ta zo Tsibiri. Asibitin Galmi, can bayan Madawa garin albasa, tun 1950 yake aiki, mutum nawa anka yi ma aiki can daga Nijar da Najeriya? Shekara ɗari ke nan, kuma har yau Kiristocin ƙasar nan 'yan ƙalilan ne ƙwarai. Da allura da rijiya na canza addini da tuni rabin Gobir da Adar suna coci. 'Yan Katolika ma haka, su maser da wata 'yar Senegal, Marie-Catherine Kingbo, ta kafa ƙungiyarsu nan Maradi a 2006, sun yi ta ciyar da yara masu tamowa a Ɗan Bako, iyayen yaran nan kusan duk Musulmi ne.

Mu ma fa muna da tsoro irin namu. Ba mu manta 2000 ba lokacin rikicin FIMA, bikin nunin tufafi, da anka taɓa majami'u nan Maradi, ba mu manta ƙone-ƙonen majami'u na Janairun 2015 a Damagaram da Yamai ba, ga 2019 da anka ƙona wata coci a unguwar Zariya. Mutanen nan uku da sunka shigo garinku sunka faɗi ko su wane ne tun a gaisuwa, ba ƙaramin abu sunka yi ba.

Abu Sumayya:

Ɗan Tsibiri na gode da ka faɗi gaskiya, ka fi masu kwana-kwana. Ƙone-ƙonen nan kuma ba na goyon bayansu, ba koyarwar Musulunci ba ce. Amma ka ga ai ka tabbatar da maganata, niyya tana nan. Ko yaro ɗaya ne ya tafi, ɗan wani ne. Maman Nana Allah ya ƙara ma ɗiyarku lafiya, ban raina wahalar mata ba, uwata ma a ƙauye take. Abin da ke min ciwo shi ne mu, garin da attajiri ɗaya ke iya cika jirgi da 'yan Umra amma ƙauye na shan laka. Ga asibitin ido na Makka nan cikin gari, Musulmi sunka yi, mutane na ganin amfaninshi, ashe in an so ana iyawa.

Ɗan Gulbi:

Malam Abu Sumayya takardar da kake faɗi mun rubuta, sau biyu ma, ni da hannuna na kai wani ofis shekara uku da ta wuce, sunka ce muna cikin layi. Wani ɗan siyasa kuma ya zo lokacin zaɓe har ya sa anka buga turke inda za a gina, turken akuya ke ɗaure da shi yanzu.

Almajirin Limanci:

Ta fuskar hukunci dai kar a tsananta inda shari'a ba ta tsananta ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya karɓi kyautar Muƙauƙis sarkin Masar wanda Kirista ne, ya aika sahabbai Habasha ƙarƙashin Najjashi, kuma ya yi wafati sulkenshi na jingine wajen wani Bayahude saboda sha'ir da ya karɓo ma iyalinshi. Ku duba kuma aya ta 8 cikin Suratul Mumtahana. Karɓar amfani daga wanda ba Musulmi ba bai haramta ba matuƙar ba a sa maka sharaɗin da ya taɓa addininka ba. Tsare aƙidar yara kuwa aikin liman ne da iyaye, in makarantar allo da islamiyya na da rai a garin to an rufe ƙofar da ake tsoro. Allah shi ne mafi sani.

Tsohon Animater:

Kun yi ta magana kan addini, ni bari in taɓo inda na ga garuruwa sun faɗi, don na yi shekara goma sha ɗaya ina yawon furoje bisa moto tsakanin Mayahi da Dakoro da Tasawa, na yi da na coci na yi da na Larabawa na yi da na nasarun da ko Allah ba su yarda da shi ba. Wallahi a duk yawon nan abin da na fi gani ba garin da ya canza addini ba ne, shaton da ya bushe ne. Ka shiga gari ka ga allo da sunan ƙungiya ya yi tsatsa, fanfo a ɗaure da tsumma, mata sun koma tsohuwar rijiya wadda yanzu ta fi da lalacewa don an yi shekara uku ba a yashe ta ba.

Wani gari da ba zan faɗi ba, mun yi musu furaj mai kyau, ranar buɗewa har da makaɗa da ɗan rago. Anka ce ruwa kyauta ne don sadaka ce. Wata goma sha huɗu injin da ke cikin ramin ya ƙone, babu ko dala a kes, furoje ya ƙare mu an sallame mu, lambar wayar da ke jikin allo ba ta shiga. Na koma bayan shekara biyu don wata sabga na tarar an kwance faifan sola biyu, ɗaya na bisa rufin shagon mai cajin waya.

Don haka Ɗan Gulbi ranar Juma'a ga abin da za ka tambaya. Na farko takardarsu ta izinin aiki, kuma meri ta san da zuwansu? In ba su bi ta meri da ma'aikatar ruwa ba kar ku sa hannu ko su waye, yanzu hukuma ba ta wasa da zancen ƙungiyoyi, kun ga ko CICR, wato Red Cross ta duniya, da girmanta an ce ta tattara a farkon 2025, to in naku sunka tafi dare ɗaya wa zai riƙe aikin? Filin da za a gina a kai ya zama na gari a rubuce, a yi takardar a kwamitin filaye, kar ya zama kyautar wani mutum guda ga ƙungiya, don gobe ɗanshi zai ce ruwan gidansu ne. Ruwa a saida shi, ko dala biyar ne bidon, a yi ma gajiyayyu da tsofaffi rangwame amma a saida, kuma maganar Maman Nana ita ce, kes hannun mata. Su koya ma samari biyu 'yan garin gyara, ba ɗaya ba don ɗaya zai tafi Libiya ko Legas, kuma ku tambaya kayan gyaran ana samunsu kasuwar Maradi ko Kano, ko sai an yi odar su daga Turai. Tsohuwar rijiya kar ku yarda a sake ta, a ci gaba da yasa.

Bankin hatsi ya fi furaj wuyar riƙo, mutane ba su sani ba. Dabarar mai sauƙi ce, a sayi hatsi da kaka yana arha a ajiye, in damina ta tsaya rumbu ya yi ƙasa 'yan kasuwa sun tsawwala a buɗe a saida ma 'yan gari tiya-tiya da ɗan sauƙi, kuɗin a sake saye da kaka. Abin da ke kashe shi bashi ne. Ƙanin mai gari ya ɗauki buhu biyu sai kaka, liman ya ɗauki guda wa zai bi shi, kaka ta zo ba ta yi kyau ba, shekara ta biyu magaza ta zama ɗakin ajiye kara. A ƙayyade tiya nawa gida ɗaya zai saya, kuɗi hannu, kuma kar dangin mai gari su riƙe makulli, ka yi haƙuri na san baffanka ne.

Zancen awon yara kuma su haɗa kai da likitar gwamnati da ke kusa da ku, don yaron da tamowa ta ci ƙarfinshi har ƙafa ta kumbura ba na awon sati ba ne, na kwanciya ne. Mun ga 2005 a garin nan da idonmu lokacin da MSF, ƙungiyar likitocin agaji, ta cika rumfuna da yara, su ba ma 'yan mishan ba ne, ko da yake a ƙauye duk farar mota ɗaya ce. Kuma a hana saida biskit ɗin yara masu tamowa a kasuwa, wannan laifinmu ne ba na baƙi ba.

Sai abin da liman ke tsoro, ku rubuta shi ƙarara cikin yarjejeniyar, ba a tara yara sai da iyayensu, ba a raba takardu ko nuna fim wajen awo ko bakin fanfo, ba a ɗaukar hoton mace ko yaro sai an yarda. Hoton nan na ƙarshe ni ya fi ƙona min rai, na taɓa ganin an sa uwa ta cire ma ɗanta riga don haƙarƙarinshi ya fito da kyau. Kuma ku sa liman cikin kwamiti. In yana ciki ido ne, in yana waje kowace Juma'a huɗuba ce.

Ɗan Gulbi:

Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka. An yi taron jiya, na kwafe tambayoyin Tsohon Animater a bayan kwalin shayi na karanta su ɗaya bayan ɗaya gaban kowa. Takardar izini suna da ita, kuma ashe sun riga sun je meri. Zancen yara da hotuna sun ce babu damuwa a rubuta. Wajen saida ruwa ne anka yi ta ja, abin mamaki ba da baƙin ba, da mutanenmu, wani tsoho ya ce shi bai taɓa jin an sayi ruwan sadaka ba. Maman Nana, na roƙi Baba anka shimfiɗa ma mata tabarma gefen zaure, sun zo su shida, innata ba ta ce komai ba ta dai buɗe tafin hannunta ta nuna ma tsohon.

Liman bai ce e ba bai ce a'a ba, ya ce a ba shi sati ya yi istihara ya kuma je Tsibiri ya tambayi malaminshi, amma ya yarda a sa sunanshi cikin kwamiti in an yi. Bankin hatsi mun ce a dakata sai mun ga yadda ruwan ya tafi shekara guda. Baba mai gari kuma tun jiya bai yi min magana ba saboda zancen makulli. Wanda ya san inda ake samun samfurin irin wannan yarjejeniya da Faransanci don Allah ya turo min kafin Laraba, matar ce za ta dawo ita da mai auna ƙasa.